Yadda ake zaɓar malamin nutso da tukunyar iska ga mai fara koyo

Mu a Yamai ba mu da teku, kogin Isa kuma ba wurin koyon nutso ba ne. Da damina ruwansa ja wur, ba ka ganin tafin hannunka, ga dorina, ga tsagiya. Shi ya sa ɗan Nijar da ke sha'awar goya tukunyar iska sai ya fita waje: ɗalibanmu na Alƙahira su gangara Hurgada ko Dahab a Bahar Maliya lokacin hutu, na Senegal su nufi Ngor a Dakar, na Tunisiya su je Tabarka. A can kai baƙo ne, kwanakinka ƙidayayyu, kuma wanda ya fara tare ka da farashi mai rahusa shi zuciyarka za ta so bi. Dakata tukuna.

Shirin yana farawa tun kana gida. Koyi iyo a pisin, domin a tsarin PADI, ƙungiyar koyar da nutso, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 kafin a ba ka katin farko na shaidar iya nutso. Sannan ka ga likita. Fuka, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon kunne, juna biyu, da sikila wadda ta yi yawa a ƙasarmu, duk suna iya hana mutum nutso. Malamin kirki zai miƙo maka takardar tambayoyin lafiya kafin ya karɓi ko dala. Wanda ya ce "rubuta a'a a ko'ina, mu wuce", ka yi masa sallama nan take.

Na biyu, nemi ganin katinsa. Ba rashin kunya ba ne, ka ce: "Malam, don Allah in ga shaidarka ta koyarwa." Manyan ƙungiyoyin da za ka ci karo da su uku ne: PADI da aka kafa a Amurka a 1966, SSI ta 1970, da CMAS da aka kafa a Monako a 1959 da Jacques Cousteau a matsayin shugabanta na farko, wadda ta fi ƙarfi a ƙasashen da ke jin Faransanci. Kowaccensu ana karɓar katinta a yawancin wurare, kada gardamar wacce ta fi ta cinye maka lokaci. Abin dubawa shi ne katin na malami ne, ba na jagoran nutso ba, kuma an sabunta shi a bana. Shafin PADI yana da wurin da ake saka lambar malami a tabbatar.

Daga nan sai tambayoyi. Mutum nawa yake shiga ruwa da su? Ƙa'ida ta yarda har takwas, amma ni a ganina huɗu sun ishi mutum ɗaya ido. Kwana nawa karatun? Akwai darasi, akwai zama biyar a ruwa marar zurfi, akwai nutso huɗu a teku, kuma katin ya tsaya ne a zurfin mita 18. Wanda ya ce zai haɗa maka wannan duka a yini guda, takarda yake sayarwa. Tambaye shi ko akwai iskar oksijin ta agaji a cikin jirgin ruwan, da inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar wanda nutso ya yi wa illa. Gwani ba ya inda-inda a nan. Sai harshe: in Faransancinka ya fi Larabcinka ko Ingilishinka, nemi wanda zai koya maka da shi, don abin da ba ka gane ba a tudu ba za a maimaita maka a ƙarƙashin ruwa ba. Ƴan'uwa mata kuma, akwai malamai mata, a tambaya.

Matakin da ya fi duka nauyi shi ne ka zauna a gefe ka kalle shi yana koyar da wasu. Akwai darasin da ake cika tabaran fuska da ruwa, ɗalibi ya danne samansa da yatsu, ya ɗaga kai, ya hura iska ta hanci har ruwan ya fita. A nan mutane ke firgita, wani ya zabura zai yi sama. Dubi hannun malamin. Na kirki yana dab da ɗalibin, ya riƙe masa riga, ya haɗa ido da shi, ya yi masa alamar numfasa a hankali, a sake, a kuma sake, ba tsaki. Na banza yana can yana ɗaukar hoto.

Saurari kuma abin da yake nanatawa. Yaran bakin kogi da Sorkawa sun saba nutso da riƙe numfashi, to da tukunya a baya wannan sabon shi ne haɗarin. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya, don haka iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin ka iso sama, kamar balan-balan da ake ta hurawa. Ka riƙe ta, huhu ya yage. Malamin da bai dame ka da "kada ka riƙe numfashi" ba, da toshe hanci ka hura a hankali don kunne tun kafin ya fara zafi, da tsayuwar minti 3 a mita 5 kafin fitowa, bai gama aikinsa ba.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon bayani. Duba robar da ake cizawa a baki ko ta yage, duba tiyo ko ya tsattsage, shaƙi iskar: in ka ji warin mai ko hayaƙi, kada ka shiga. Ana cika tukunya zuwa wajen bar 200 a ma'aunin matsin iska, ana fitowa da saura 50. In har yanzu kana shakka, biya kuɗin nutson gwaji na yini ɗaya kafin ka zuba na cikakken karatu.

Ka nuna wa malamin tikitinka na komawa Yamai tun ranar farko. Bayan nutso ɗaya ana jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama, bayan nutso da yawa awa 18, saboda iskar naitirojin da ta taru a jiki tana iya yin kumfa a jini idan matsi ya ragu. Shi ya kamata ya tsara maka kwanakin yadda ranar ƙarshe za ta zama ta hutu da sayen tsaraba.