Yadda Ake Sikanin Tsohon Fim Launi Bai Lalace Ba

Masu koyo kan ɓata kwanaki suna musu a kan manhajar sikani, alhali abin da ke lalata musu hoto wani ƙaramin saiti ne da ko kallonsa ba su yi ba. To, bari mu sallami maganar manhajar tukuna. Epson Scan kyauta take zuwa da na'ura, kuma ta ishi mai sikanan Epson V600. SilverFast ta kamfanin LaserSoft da ke Jamus ta iya juya nagatif (fim ɗin da haske da launinsa ke a juye) ya koma hoto, sai dai lasisinta ɗaure yake da samfurin sikana guda, ka sauya na'ura ka sake biya. VueScan, wadda Ed Hamrick ya fitar tun 1998, tana aiki da dubban na'urori, har da tsohuwar Nikon Coolscan da aka daina ƙerawa. Ita nake ba kowa shawara.

Da farko hure ƙurar fim da 'yar robar iska, kada ka hura da baki. Riƙe shi ta gefe. A lokacin hunturu kuwa, rufe taga kafin ka buɗe murfin sikana.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Nemi wurin zaɓen zurfin launi ka sa 48-bit, wato bit 16 ga kowane launi, ja da kore da shuɗi. Yawancin manhajoji a 24-bit suke buɗewa, bit 8 ke nan, matakan haske 256 kacal ga kowane launi. Bit 16 kuwa 65,536 ne. A kan allo ba za ka ga bambanci ba, shi ya sa mutane ke cewa ɓata wuri ne. Amma nagatif mai launi yana da rufin ruwan lemo, kuma hoton da ke ƙarƙashinsa a takure yake. Sai an cire rufin, an juya, an miƙe hasken. Idan da 256 ka fara, wajen miƙewar nan matakan ke tsinkewa. Sararin sama ya fito layi-layi, goshin amarya ya yi dabbare-dabbaren kore da shunayya, baƙar fata ta cushe babu siffa. Duba jadawalin haske (histogram), wato zanen da ke nuna yadda matakan haske suka rarrabu a hoto, za ka gan shi da giɓi kamar haƙoran mataji. Babu gyaran da zai maido abin da ba a ɗauka ba.

Kuma ka adana a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ke riƙe bit 16. JPEG bit 8 ne kawai, in ka adana a cikinsa duk wahalarka ta tashi a banza. Fim na 35mm a 3200 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) yana cin kusan megabait 80, saboda haka sayi ƙarin ma'aji, ya fi sake sikani arha.

Kashe ƙarin kaifi da gyaran launi na kai tsaye. Sharar ƙura ta infrared, wato saitin da ke gano ƙura da hasken da ido ba ya gani, bar ta a kunne ga fim mai launi, amma kashe ta ga baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke jikinsa tana rikita ta.

Sauran aikin a manhajar gyaran hoto ne, Photoshop ko GIMP, wadda ta fara karɓar bit 16 daga sigar 2.10. Daidaita fari da baƙi, gyara launin fata, kaifi a ƙarshe. Sannan ka fitar da kwafin JPEG don WhatsApp, asalin TIFF ɗin kuma ka ajiye shi wuri biyu.