Darasi na Bakwai: Hawan Bishiya da Igiya Ɗaya

Wannan darasi na masu sana'ar datse rassan manyan bishiyoyi ne: mai rage wa darbejiya reshen da ya sunkuyo kan rufin gida, mai gyaran mangwaro a lambu, mai sassauke maɗacin da ya kusa tare hanya. Yawancinmu da hannu da ƙafa muke hawa, gatari a kafaɗa. Wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin masu karaya a asibiti ya san abin da faɗowa daga bishiya ke yi wa ƙashin baya, ya kuma san halin da iyalin mutum ke shiga idan maigida ya kwanta. Akwai hanyar hawa da igiya wadda ke rage wannan haɗari ƙwarai, ita za mu koya.

Igiya ninki da igiya ɗaya

A tsohuwar hanyar masu aikin bishiya na Turai da Amurka, ana rataya igiya a reshe ta sauko ninki biyu, mai hawa ya ɗaura baki ɗaya a jikinsa, ya riƙa jan ɗayan. Sai ya ja mita 2 kafin ya ɗaga mita 1, kuma igiyar tana ta gogar ɓawon reshen. A sabuwar hanya igiyar ba ta motsi. An ɗaure ta cak, mutum ne ke tafiya a kanta, duk taku ɗaya ya ɗaga taku ɗaya. Masu shiga ramukan duwatsu masu zurfi ne suka fara gwanancewa da wannan dabara, daga baya masu aikin bishiya suka ɗauka. Ta fi sauri a doguwar bishiya, kuma ƙafa ke yin aikin, hannu yana hutawa.

Kayan aiki

Igiya ce gaba. Ba igiyar guga ba, ba shuɗiyar igiyar ɗaurin kaya a mota ba. Igiyar hawa tana da ciki da riga: zaruruwan ciki ke ɗaukar nauyi, saƙar waje ke kare su. Kaurinta milimita 11 zuwa 13, kuma ba ta miƙewa sosai. Ta ƙwarai tana zuwa da takarda da lamba a bakinta, ta Turai za ka ga an rubuta EN 1891. Kafin kowane hawa ka bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan. In ka ji wuri ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya ƙone ya yi santsi, ko zaren ciki ya leƙo, wannan wurin ya tashi aiki. Kada fetur ko ruwan batir su taɓa ta, kada a bar ta kwance a rana. Igiyar da ka sauke gungumen itace da ita, kada ka ƙara rataya ranka a kanta.

Sai ɗamarar hawa, wadda ke kama ƙugu da cinyoyi, mutum ya zauna a cikinta kamar kan kujera. A lura da wannan, don mutane da yawa suna asarar kuɗinsu a nan: ɗamarar magina mai zobe a baya, wadda ta cika kasuwa, an yi ta ne don ta tare wanda ya faɗo, ba don a yini ana reto a cikinta ba. Ta mai bishiya tana da mahaɗi a gaba wajen mara, da zobba biyu a kwiɓi.

Ƙugiyar da ke haɗa igiya da ɗamara ana kiranta karabina. Nemi mai kulle kanta, wadda sai an yi mata motsi uku take buɗewa. A jikinta akwai lamba da harufan kN. Kada ta gaza 22, wato ƙarfin ɗaukar abin da ya haura tan biyu. Ƙugiyar rataya makulli da ake sayarwa a tire ba ta cikin lissafi ko da ta yi kama da ita. Hular kwano kuma sai mai maɗauri a haɓa.

Abin da ke riƙe ka a kan igiyar shi ne ƙullin kamu. Gajeriyar igiya ce mai jure zafi ake naɗawa a jikin babbar: in ka sakar mata nauyi ta cije, in ka tura ta da hannu ta zame. Mafi shahara shi ne ƙullin Prusik, sunan wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1931. Amma a igiya ɗaya duk nauyinka yana kan ƙullin, sai ya cije ya ƙi saki wajen sauka, ko ya saki gaba ɗaya. Shi ya sa ake ɗora masa wani ɗan ƙarfe a sama, Rope Wrench, wanda ke lanƙwasa igiyar ya ɗauke wa ƙullin rabon nauyi. Kada ka sauka a igiya ɗaya da ƙulli kaɗai.

Saura makamin ƙafa, wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a idon sawu, yana barin igiya ta wuce ƙasa amma ba ya barin ta dawo. Matakala ce kawai, ba a dogara da shi a matsayin abin riƙe rai. Sai gajeriyar igiyar kewaye, mita 3 zuwa 5, da ake zagaya kututture da ita a maƙala a zobban kwiɓi. Sai jakar jifa mai nauyin giram 250 zuwa 400 da siririn zarenta.

Kayan nan daga waje suke zuwa kuma suna da tsada. Gara mutum huɗu su haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya na gaske su riƙa karɓa-karɓa, da kowa ya sayi jabu.

Zaɓen reshe

Nan ne zuciyar darasin, a karanta shi sau biyu. Zagaya bishiyar tukuna. Duba gindi: akwai gara? Akwai kogo, ko tsagewa, ko naman gwari ya tsiro a jiki? Saiwa ta ɗaga ƙasa ta gefe ɗaya? Ɗaga kai ka nemi busassun rassa, da amya, da gidan zuma ko rina. Zuma ta taso wa mutum yana tsakiyar igiya ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ka san halin itacen da kake hawa: tsamiya da maɗaci suna da ƙwari, kuka itacenta laushi ne, turare kuwa yana iya yar da reshe ba gargaɗi.

In akwai wayar lantarki kusa, ko kai ko igiyarka ko reshen da za ka yanke kada ɗaya ya matso ta ƙasa da mita 3. Ɗanyen reshe yana ɗauko wuta. "Ai ba wuta yanzu" ba hujja ba ce, ana iya kawo ta kana sama. A je ofishin masu wuta su kashe layin da kansu, su tabbatar maka.

Jefa jakar ta tsallake gwafar da reshe mai rai ya haɗu da uwar bishiya. Reshen ya fi kaurin damtsenka, kuma igiyar ta kwanta a cikin gwafar, jikin kututture, ba can tsakiyar reshe ba. Ɗaura babbar igiya a zaren ka jawo ta.

Yanzu hanya biyu ce. Ko ka zarge igiyar a can sama ta shaƙe reshen, ko ka sauko da ɗaya bakin ka ɗaure a gindin bishiya. Ga lissafin da ya kamata kowa ya haddace. In nauyinka da kayanka kilo 70 ne kuma ka zarge a sama, reshen yana ɗauke da kilo 70. In ka ɗaure a gindi, kai kana ja ta nan da kilo 70, ɗaurin gindi yana ja ta can da kusan haka, sai reshen ya ɗauki kusan kilo 140. Reshen da zai riƙe ka a hanya ta farko yana iya karyewa a ta biyu. Ɗaurin gindi yana da nasa amfani: in aka haɗa shi da abin sassautawa, na ƙasa zai iya sauko da kai idan ka ji rauni. Yana kuma da nasa haɗari: ga igiyar ranka nan a miƙe jikin kututture, inda zarto ko faɗuwar reshe ke iya samunta. Ka san inda ta bi kafin kowane yanka.

Kafin ka hau, kai da abokin aikinka ku rataya a igiyar tare, ƙafa na kusa da ƙasa, ku jijjiga. In reshen ya yi ƙara ko ya sunkuya da yawa, a canza wani. Yi ƙulli a ƙarshen igiya don kada ka zame ka wuce bakinta.

Hawa, yanka, sauka

Haɗa ƙullin kamu da ɗamara, ka zauna a ciki ka ga ya cije. Sa igiya a makamin ƙafa. Ɗaga gwiwa, taka ƙasa, miƙe tsaye, tura ƙullin sama. Gajerun taku sun fi dogaye. Kada ka bar igiya ta yi sako-sako fiye da rabin mita, kuma kada ka hau sama da inda aka rataya ta, don faɗuwa ko gajeriya ce tana ninka nauyin da ke fizgar reshe.

Da ka isa wurin aiki, zagaya igiyar kewaye. Ba a yanka sai kana maƙale ta wuri biyu, ko da zarton hannu ne, balle mai inji. Zarto mai inji hannu biyu ake riƙe shi. Kira na ƙasa da babbar murya kafin reshe ya tafi, kada ka yanke sai ya amsa cewa ba kowa, musamman yara masu zuwa ɗibar itace. Wajen sauka cire makamin ƙafa, riƙe igiyar ƙasa da hannu ɗaya, danna ƙullin a hankali da ɗayan. Gudu yana ƙona ƙullin.

Ba a hawa mutum ɗaya. Wanda ya suma yana rataye a ɗamara, jini yana taruwa a ƙafafunsa, yana iya rasuwa cikin ɗan lokaci. Dole na ƙasa ya iya sauko da shi, ba kallo da salati kawai ba.

Aikin wannan mako

Karatu ba ya maye gurbin gwani da zai tsaya a kanka. A gaban malamin aiki, kowa ya ɗaura ƙullin kamu sau goma, ya hau mita 2 kacal ya sauko, har hannu ya saba. Sannan ka rubuta amsa a littafinka: mutum mai kilo 85 da kayansa ya ɗaure igiya a gindi, kilo nawa reshen ke ɗauka? Rubuta kuma abubuwa huɗu da za ka duba a jikin bishiya kafin ka jefa jaka.