Kurakuran da ke hana rubutunmu fitowa a mujallu

Wani matashi ɗan unguwarmu, haifaffen Makka, ya miƙo mini wayarsa bayan sallar Isha'i. Ƙasida ce ta Larabci, baiti arba'in, mai daɗi ƙwarai. Ya ce, "Kawu, mujallu biyar na tura wa, ko uffan babu wanda ya ce mini." Na ce, "Ɗana, cikin biyar ɗin wacce ka taɓa karantawa daga bango zuwa bango?" Sai ya sunkuyar da kai.

Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Muna tura rubutu kamar mai jifa cikin duhu, alhali kowace mujalla da abin da take ci. Ƙungiyar marubuta ta Jidda, wato Nadi Adabi, ta ware mujallunta ne bisa fanni: Abqar ta waƙa ce, Al-Rawi ta gajeren labari, Alamat ta sharhi da nazari, Nawafiz kuma ta fassara. Wanda ya kai waƙa gidan sharhi, kansa ya zalunta. Al-Faisal ta Riyad, da ta fara fitowa a 1977, da Al-Arabi ta Kuwait, da ke fitowa tun 1958, na al'adu ne gaba ɗaya, kuma filin waƙa a cikinsu ɗan kaɗan ne. Baiti arba'in ba zai shiga ba. Gyaran mai sauƙi ne: ka nemi fitowa uku na baya-bayan nan, ka duba tsawon abin da suke bugawa da irin jigonsa, sannan ka karanta sharuɗɗan da suka gindaya kafin ka taɓa madannin turawa.

Wani kuskuren da ke ƙona mini rai shi ne gaggawar ɗora waƙa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp da zarar an sa aya. Ana samun "masha Allah" ɗari, zuciya ta yi sanyi. To amma galibin mujallu sabon abu suke so, wanda bai taɓa fita ko'ina ba, kuma ba wuya edita ya kwafi layi ɗaya ya bincika a intanet ya gan shi. Mafi kyawun aikinka ka ɓoye shi har ya sami gida. Haka nan tura abu guda wurare biyar a lokaci ɗaya, ba tare da ka faɗa musu ba. In biyu suka karɓa, ka ɓata da ɗaya ke nan.

Sai maganar harshe, wadda ita ce tamu ta musamman. Mu Hausawan da muka tashi a nan Saudiyya, Hausarmu ta baki cike take da Larabci: sayyara, mustashfa, talaja, jawwal. A gida babu laifi. Amma editan da ke Kano ko Zariya mota ya sani, da asibiti da firji da waya. Kuma da yawa cikin 'ya'yanmu makarantar Larabci suka yi, ba su koyi ƙa'idar rubutun boko ba, sai ka ga an haɗe "yazo" da "zata" a inda ya kamata a raba, an zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Kafa daban, ƙafa daban. Na taɓa tura wa wata jarida waƙa ba tare da ƙugiya ba, aka buga "baki" a inda nake nufin baƙi, ma'anar baitin ta watse, kuma laifina ne. Ka sa madannin Hausa a wayarka, ka kuma roƙi wanda ya yi karatun Hausa ya duba maka. A ɓangaren Larabci ma haka: fusha ake so, wato daidaitaccen Larabci, kuma karyewar wazani (ma'aunin waƙa) ɗaya ko kuskuren i'irabi (nahawu) a baitin farko ya isa a ajiye takardar.

Kada ka tura hoton takardar da ka rubuta da hannu. Buga ta a kwamfuta, ka haɗa da layi biyu kan ko kai wane ne. In an nemi kuɗi kafin a buga maka, tsaya ka yi bincike.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke gudun labarinmu. Matashin nan, ƙasidarsa kan hamada da raƙumi take, kamar ta mawaƙan Najadu, yankin tsakiyar Saudiyya. Alhali kakarsa da ƙafa ta zo, ta ratsa Chadi da Sudan, ta shekara bakwai a hanya kafin ta hau jirgin ruwa a Sawakin, tashar ruwa ta Sudan. Edita ya ga raƙumi sau dubu, bai taɓa ganin wannan tsohuwa ba. Mata kuma ga gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, labarin zaman Hijaz, yankin Makka da Madina, zai fita daban a cikinta. Mai harshe biyu ma yana iya juya waƙoƙin Hausa zuwa Larabci ya nufi mujallun fassara, ƙofar da kusan babu mai ƙwanƙwasa ta cikinmu.

Na ce masa ya je ya zauna da kakar tasa, ya ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfin ba da labari. Ya ce ranar Juma'a zai je.