Kurakuran da Ma'aikata Ke Yi Wajen Neman Albashinsu Idan Kamfani Ya Karye

Kuskuren da ya fi cin ma'aikata shi ne zaman jiran alkawari. Da zarar kamfani ya durƙushe, sai manaja ya ce a yi haƙuri za a biya, alhali idan Babbar Kotun Tarayya ta Najeriya ta ba da umarnin rufe kamfani, ikon dukiyarsa ya bar hannun manajoji ya koma hannun jami'in da aka naɗa domin ya tattara kadarori, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi. Wannan jami'in ba ya biyan kowa sai wanda ya gabatar da buƙatarsa a rubuce, tare da takardar rantsuwa da ke bayyana adadin kuɗin da yake bi, kuma a cikin wa'adin da aka sanar, wanda sau da yawa a jarida kawai ake buga shi. Ma'aikatan Masaƙar Kaduna, wadda ta rufe a 2002, sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu, wasunsu har suka rasu ba su karɓa ba.

Na biyu shi ne rashin hujja. Mutane da dama suna barin takardunsu a ofis, sai ranar da aka garƙame ƙofa su rasa abin nunawa. Ya kamata ma'aikaci ya ajiye takardar ɗaukarsa aiki, da takardun albashi, da bayanan asusunsa na banki waɗanda za su nuna watan da kuɗi ya daina shiga. Wajen lissafi kuma kada ya tsaya kan albashi kaɗai. Ya haɗa da kuɗin hutun da bai ci ba, da kuɗin sallama idan yarjejeniyarsa ta tanada, da kuɗin fanshon da aka cire ba a zuba ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta zuba kashi 8 cikin 100 na albashi daga ma'aikaci da kashi 10 daga mai kamfani, kuma hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana karɓar ƙorafi a kan wanda ya riƙe su.

Akwai kuma masu garzayawa Kotun Ma'aikata su shigar da ƙara. Kafin umarnin rufewa wannan daidai ne, amma bayansa ba a ci gaba da shari'a da kamfanin sai da izinin kotun da ta ba da umarnin, don haka kuɗin lauya na iya tafiya a banza.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa albashi cikin basussukan da ake fara biya kafin na 'yan kasuwa, sai dai bankin da aka jinginar wa fili ko gini yana gaban ma'aikaci, kuma a ganina wannan ne abin da ya kamata shugabannin ƙwadago su riƙa faɗa wa mambobinsu tun farko. Bin mai kamfani gida ma ba ya fitar da kuɗi, domin a doka bashin na kamfani ne, sai fa in an tabbatar da zamba. Abin da ya fi amfani shi ne ma'aikata su haɗu ta ƙungiyarsu, su ɗauki lauya ɗaya, su miƙa buƙatunsu tare.