Yadda ake auna fili da na'urar RTK a Saudiyya ba tare da turke ya goce ba

Yawancin samarinmu da ke bin masu safiyo a wuraren gine-gine na Jidda, Makka da Riyad da riƙon sanda suke farawa. Muhandis ya ce matsa gabas, ka matsa. Ya ce kafa, ka kafa. Amma wanda ya san abin da ke gudana cikin na'urar da ke kan sandar, shi ake miƙa wa aiki ranar da babban mai awo bai zo ba.

Taurarin GPS suna can sama da mu da kusan kilomita 20,200. Kafin saƙonsu ya iso ƙasa sai ya ratsa sassan sararin samaniya da ke jinkirta shi, ga ɗan kuskuren agogon tauraron, ga na hanyar da yake bi. Shi ya sa wayar hannu kan goce da mita 5 ko fiye. Maganin shi ne tasha kafaffiya wadda an riga an san matsayinta daidai. Ita ke lissafa kuskuren, ta turo maka gyara daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da yake ku biyun kuna kallon taurari iri ɗaya ta sama ɗaya, gyaranta ya zama naka, sai kuskure ya sauko zuwa santimita 1 ko 2. Wannan dabarar ita ake kira RTK.

Da farko ka san inda gyaranka zai fito. Hukumar safiyo ta ƙasa, GEOSA, tana da irin waɗannan tashoshi, da ake kira KSACORS, sama da 200 a faɗin Saudiyya, kuma kamfani ne ke yin rajista ya karɓo sunan shiga da lambar sirri. Inda babu sabis na waya, sai ku kafa tasharku bisa turken da aka san lambobinsa, ta riƙa turo gyara ta rediyo. Kada ka yi mata nisa sosai, domin a yawancin na'urori kowane kilomita yana ƙara kuskuren kusan milimita ɗaya, kuma samun daidaito yana ƙara wuya.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane, don haka ka natsu a kansa. Kafin ka taɓa komai, ɗauki zanen aikin ka duba da wane tsarin ma'auni aka yi shi. Na yanzu shi ne KSA-GRF17, amma tsofaffin taswirori da takardun filaye da yawa suna kan Ain el Abd 1970 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu gomomin mitoci ce. Na'ura ba za ta ce maka ka yi kuskure ba. Za ta nuna maka daidaiton santimita cikin natsuwa, alhali kana tsaye a filin wani. Duba shiyyar UTM ma, wato lambar yankin taswira da wurin ya faɗa ciki: Jidda, Makka da Madina suna 37, Riyad 38, Dammam 39. In aikin ya shafi tsayi, kamar magudanar ruwa, ka tabbata an loda fayil ɗin KSA-GEOID21, mai mayar da tsayin GPS zuwa tsayi daga matakin teku, in ba haka ba tsayin da za ka karanta ba shi ne wanda ruwa ke bi ba. In zanen bai faɗi komai ba, koma wurin muhandis ka tambaya, ko da zai ga kamar kana ɓata lokaci.

Sai haɗawa. Sa layin STC, Mobily ko Zain mai data, buɗe NTRIP (hanyar karɓar gyara ta intanet) a kwantarolar, wato na'urar hannu mai allo, shigar da adireshi da lambar ƙofa da aka ba ku, sannan ka zaɓi tashar gyara daga jerin da ya fito. In VRS ce, wato gyaran da ake haɗawa daga tashoshi da yawa, kunna aika GGA, saƙon matsayinka, domin sai na'urarka ta faɗi inda take kafin a haɗa mata gyaran da ya dace da wurin. Bar rukunonin taurarin GPS, GLONASS, Galileo da BeiDou duk a buɗe.

Yanzu ka sa ido a allo. Muddin yana nuna Float, wato lissafi bai daidaita ba, kada ka kafa komai, kuskure na iya kai kamu guda. Jira ya koma Fix, alamar lissafi ya daidaita, ka kuma duba shekarun gyaran, wato daƙiƙoƙin da suka wuce tun zuwan na ƙarshe. In lambar tana hawa, intanet ta yanke.

Ko Fix ɗin ma ni ban yarda da shi ba sai na gwada. Je wurin turken da aka san lambobinsa, ka auna shi kafin fara aiki, ka sake aunawa kafin tashi. In bambancin ya wuce 'yan santimitoci, tsaya ka nemi dalili. Sau da yawa tsawon sanda ne: an rubuta mita 2, sanda kuwa ta zame zuwa 1.8. Ko kuma ƙwayar ruwan saiti ta kauce daga tsakiya.

Akwai kuskuren da tasha ba ta iya gyarawa, wato saƙon da ya bugi bangon gilashi, kwantena ko injin ɗaga kaya sannan ya dawo kan na'urarka. Tasha ba ta san da shi ba, tunda ba ta tsaye inda kake. Tsakanin dogayen benaye irin na kewayen Harami, ko cikin kwazazzaban duwatsun Makka, gara a kafa turaku a sarari, a ƙarasa da na'urar hangen nan mai ƙafa uku.

Lokaci ma yana da tasiri. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, sai wasu su tura awo zuwa bayan Magariba. A ƙasashen da ba su da nisa da tsakiyar duniya, a daidai lokacin ne sararin samaniya kan rikice, Fix ya riƙa zuwa yana tafiya. Muhimman kusurwoyi ka auna su da safe bayan Asuba, ka sake komawa kansu bayan awa ɗaya ko biyu, lokacin da taurari suka sauya wuri. In awon biyu sun dace, rubuta lambobin, tsarin ma'aunin da kwanan wata a littafin aiki kafin a zuba kankare.