Mai ƙyanda a ɗaki, ’yan’uwansa a tasha: kurakuran da muke yi wajen killace mai cuta

Duk shekara, da hunturu ya kankama har zuwa shigowar zafin bazara, ƙyanda takan fara zagaya unguwannin Sakkwato, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, kuma kuskuren bara shi ne na bana. Masu gida suna yi, sabbin ma’aikatan lafiya da ake turo mana ma suna yi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin ƙofar ɗakin duba marasa lafiya, shi ya sa na rubuta.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kwashe yaran da ake ganin lafiyarsu ƙalau a tura su wani gida. Ni kaina na yi shi, ina cikin aikin nan, da takardar shaidata a bango. Ɗana na biyu ya yi kwana uku da zazzaɓi da tari da jan ido, sai ƙuraje suka feso masa a bayan kunne. Na sa shi ɗaki shi da mahaifiyarsa, na ga ai na yi dabara, na ɗauki ƙannensa biyu na kai su ƙauye wurin Inna. Ta ce, “Kawo su nan, ɗana, gidan ga akwai fili.” Bayan kwana goma sha ɗaya aka kira ni. Ƙaramar ta kwanta, daga baya kuma yara huɗu na gidan, har da jaririn ƙanwata da bai kai wata 9 ba, wato bai isa allurar ƙyanda ba. Shi ne ya sha wuya, har numfashinsa ya sarƙe aka kwantar da shi. Ya rayu, amma har yau idan na haɗa ido da uwarsa sai na ji kunya.

Abin da na sani a littafi na manta a gidana: mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, har kwana 4 bayan fitowarsu. Kafin ka gane mece ce, duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya riga ya shaƙa, kuma cikin mutum 10 da ba su da rigakafi, har 9 na iya kamuwa. Tana kwanciya a jiki kwana 10 zuwa 14, wani lokacin har 21, yaro na wasansa kamar ba komai. Saboda haka killacewa iri biyu ce. Akwai ta mai ciwo, akwai ta wanda ya zauna da mai ciwo. Ta farko kowa ya iya. Ta biyu ce ke kashe annoba, kuma ita ake watsi da ita. A zamanin korona, 2020, an yi ta kai masu ciwo cibiyar killacewa ta Amanawa, amma kwana 14 da aka ce masu mu’amala da su su zauna a gida, mutum nawa suka cika? Ga shi kuma hadisi ya riga mu faɗa: idan annoba ta sauka a garin da kake, kada ka fita. Mun haddace na kada a shiga, mun bar na kada a fita.

Yanzu ga yadda nake yi. Yaran gidan ba makarantar boko, ba ta allo, ba biki, har sati uku. Ina neman katin rigakafin kowa a ranar, domin allurar ƙyanda cikin awa 72 da haɗuwa da mai ita tana iya karewa. Wasu abokan aikina suna ganin na cika tsanani. Su ba su je ƙauyen nan ba.

Kuskure na biyu, rufe taga. Gwaggona takan ce iska na mayar da ƙyanda ciki, sai a toshe ko’ina da tsumma, a kunna garwashi. Haba, Gwaggo! Ƙwayar cutar tana iya yin awa 2 tana yawo a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Kin tara ta ke nan, kin ƙara wa ƙirjin yaro hayaƙi. A lulluɓe shi da bargo, a buɗe taga. Mai tarin tibi kuwa, ni gara ma in shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida da rana.

Sai dubiya. Ban ce a daina zumunci ba, amma mata goma da goyo su cika ɗakin mai mashaƙo suna “sannu da jiki”, wannan ba lada ake nema ba. A yi gaisuwar daga zaure ko ta waya, a aiko da fura. Mai jinya mutum ɗaya ya isa, wanda ya yi rigakafi, ba mai ciki ba, ba tsoho ba.

Takunkumi a haɓa ado ne kawai. Mai tarin ya fi kowa buƙatar sa shi.

Kofi da cokali da tawul, kowa nasa.

Kada ka zaunar da yaro mai zazzaɓi da ƙuraje a kan benci cikin layin awo. Ka faɗa tun daga bakin ƙofa, a shiga da shi ta gefe. Wannan laifinmu ne ma’aikata fiye da iyaye.

Maganin tibi kyauta ne, wata 6 ake sha. Tari ya lafa a wata na biyu ba warkewa ba ce.

Sai ɓoyewa, wai kada a ce gidan wane an samu cuta. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami’in sa ido kan cututtuka, kuma layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC), 6232, kyauta ne. A mashaƙo musamman, waɗanda suka zauna da mai ciwon su ma ana ba su magani da rigakafi, kuma ba a ba wanda ba a san da shi ba. Makon jiya wani magidanci ya rantse mini yaronsa ɗaya ne ba lafiya, ina jiyo tarin na biyun daga bayan labule.