Yadda ake kai sanyin kilim cikin durowar gaban mota

A Maraɗi, daga watan Afrilu zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ruwan da aka saya da sanyinsa kuma ba ya kai Gidan Rumji sai ya koma na shayi. Wasu motoci, kamar Peugeot 307, Skoda Octavia da Volkswagen Passat, sukan zo da ɗan tiyo mai kai iskar kilim, wato na'urar sanyaya mota, cikin durowar da ke gaban fasinja. Wadda ba ta da shi ana iya yi mata, aikin awa biyu ne ko uku.

Kafin a kwance komai, a gwada kilim ɗin. A tayar da mota, a rufe gilasai, a sa iska ta riƙa juyawa a ciki, a soka ma'aunin zafi a ƙofar iska ta tsakiya. Idan bayan minti goma bai sauko ƙasa da digiri 10 ba, a fara da gyaran gas ko kwamfaresa. Tiyo ba ya ƙirƙirar sanyi, ɗauko shi kawai yake yi.

Kayan aiki: tiyon roba mai laushi, faɗin raminsa milimita 12 zuwa 16, tsawon rabin mita, ƙaramin bawul mai juyawa na durowa, mai buɗe iska da rufe ta, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ɗan bututun roba da tiyon zai hau, silikon, soso mai gam a baya, kaurin milimita 5, da maɗaurin roba.

A cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi, a jira minti goma, saboda jakar iskar fasinja, wadda ke kumbura in an yi haɗari, tana saman durowar nan. Duk waya mai kan rawaya ta jakar ce, kada a taɓa ta. Sai a sauke durowar.

Yanzu ga inda aikin yake. Bayan durowar akwai baƙin akwatin roba. Fanka tana tura iska ta cikin ƙaramin lagireton sanyi, daga nan iskar ta wuce wajen lagireton zafi, sannan ta fito ƙofofi. Wurin ɗiba shi ne bayan na sanyin, kafin na zafin. Wanda ya huda kafin lagireton sanyi, iskar waje zai kai durowa. Wanda ya ɗiba daga bututun ƙofar iska ta gefe kuwa zai samu sanyi, amma ranar da aka kunna ɗumi a sanyin Janairu, durowar ma za ta ɗumama. A motocin Volkswagen da yawa masu kilim, an riga an bar ɗan hanci a toshe a jikin akwatin, buɗe shi kawai za a yi a sa tiyo. Motar da ba ta da shi, sai an huda.

Hujin ne ke jawo asara. Lagireton sanyi na alminiyam ne, bai da kauri, wani lokaci tazararsa da bangon akwatin ba ta kai faɗin yatsa ba. Tsinin injin huji ya shafe shi, gas ya tsere, kuma canza shi sai an sauke gaban motar gaba ɗaya. A kunna kilim tun kafin a cire batir, da an sauke durowar a shafa akwatin da hannu, a yi alama inda ya fi sanyi. A naɗa salatif a bakin ƙarfen hujin yadda ba zai shiga fiye da milimita 4 ba, a fara da ƙaramin rami, a leƙa da tocila, sannan a faɗaɗa. Wanda hannunsa bai saba ba, ya haƙura ya ɗiba daga bututun ƙofar iska ta gefe. A garinmu ɗumin mota bai fi na 'yan makonni ba.

A liƙa bututun da silikon, a bar shi ya kama. A yanka rami daidai bawul a bango ko rufin durowa, a haɗa tiyo ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, a ɗaure shi nesa da ƙarfen da ke motsa ƙofofin iska. A lulluɓe tiyon da bayan durowar da soso. Kada a toshe kowace kafa: in iska ba ta da mafita, sabuwa ba za ta shigo ba. Tunda an buɗe, a duba matatar iskar kilim, ƙurar hunturu kan cika ta har fanka ta rasa ƙarfi.

Matsalar da aka fi gani ita ce raɓa, musamman da damina. Takardun mota da na inshora su koma cikin leda ko wani wuri, bawul kuma a rufe shi in ba a buƙata. Fito ko shewa alama ce ta tiyo ya matse ko silikon bai zauna ba.

Durowar ba firiji ba ce. Tana riƙe sanyin abin da aka sa da sanyinsa a tafiyar Zinder ko Yamai, ba ta mayar da mai zafi mai sanyi, kuma da an kashe inji a rana sai ta yi zafi kamar sauran motar. Insulin da allurar rigakafi, masu son digiri 2 zuwa 8, a sa su a kula mai ƙanƙara.